Intanet Ya Ɗauke a Italiya: Tambayoyi da Amsoshi kan Italiyancin da Zai Fishe Ka

Duk wanda ya zauna a Italiya ya san ranar da intanet ya ɗauke, ba hira da mutanen gida kaɗai ke tsayawa ba. Da shi ake duba ko takardar zama ta fito a Questura, wato hedikwatar 'yan sanda, da shi makarantar yara ke aiko saƙo, da shi masu kai abinci a keke ke karɓar aiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwa daga Najeriya, Nijar da zangunan Gana suka fi kawo min, wasu a ƙofar masallaci bayan Juma'a, wasu ta waya da daddare. Na daɗe ina karɓar wayoyin mutane ina yi musu magana da kamfani, har na lura taimakon bai isa ba. Mutum zai dawo bayan wata biyu da matsala iri ɗaya, bai ƙaru da ko kalma guda ba. Kalmomin kuma ba su da yawan da za su gagari wanda ya iya tsallako hamada ko ya ci jarrabawar jami'a.

Italiyancina bai yi ƙarfi ba. Da wace jimla zan fara?

Da *non funziona*, wato ba ya aiki. Ana furta shi kamar "non funtsiyona". A hirar yau da kullum za ka fi jin *non va*, ba ya tafiya, ma'anarsu ɗaya. Ka sa sunan abin a gaba: *Internet non funziona. Il modem non va.*

Amma jimla ɗaya ba ta isa a yi maka gyara. Ma'aikacin kamfani abu uku yake son ji daga bakinka: me ya lalace, tun yaushe, me ka riga ka gwada. Idan ka jero su tun kafin ya tambaya, ka rage rabin wahalar hirar.

Don faɗin "tun yaushe" akwai wata 'yar kalma mai kama da tamu, *da*. A nan tana nufin "tun". *Da stamattina*, tun safiyar yau. *Da ieri sera*, tun jiya da yamma. *Da tre giorni*, kwana uku ke nan. Abin daɗin shi ne ba sai ka juya aikatau zuwa lokacin da ya wuce ba, yadda yake za ka bar shi: *Internet non funziona da tre giorni.* Sai ka ƙara na ukun: *Ho già spento e riacceso il modem*, na riga na kashe modem na sake kunnawa. Ka haddace wannan jimlar da kyau, domin kashewa da kunnawa shi ne abu na farko da za su ce ka yi.

Yaya ake cewa "babu sabis"?

*Non c'è campo.* Wannan kalmar tana ruɗa sababbin zuwa, saboda da yawa daga cikinmu *campo* muke kiran gidajen da ake sauke masu neman mafaka. Asalinta fili ce ko gona, kuma a maganar waya ita ce abin da muke kira sabis, 'yan Nijar su ce rezo.

Akwai kuma *non prende*, wanda ya yi daidai da namu "ba ya kamawa", don *prendere* na nufin ɗauka ko kamawa. *Qui non prende*, nan ba ya kamawa. *In cantina non prende*, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ya kamawa. 'Yan sandunan nan na saman waya su ne *tacche*, guda ɗaya *tacca*: *Ho solo una tacca.*

Intanet ɗin bai mutu ba, rawa yake yi. Me zan ce?

A nan ka yi ƙoƙarin fayyacewa, don kowace alama da inda take nunawa. Idan nauyi yake yi, *è lento*. Idan yana zuwa yana ɗaukewa, *va e viene*. Idan yana yankewa ana cikin aiki, *cade la connessione* ko *cade la linea*, a zahiri "layi yana faɗuwa". Bidiyon da ke tsayawa cak, *il video si blocca*. Muryar da ke zuwa a gutsure idan kana magana da Hajiya a gida, *va a scatti*. Shafin da ya ƙi buɗewa, *la pagina non si carica*.

Ka lura da jinsi. Italiyanci, kamar Hausa, yana raba sunaye namiji da mace, saboda haka wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. *La connessione*, *la linea* da *la rete* mata ne, don haka *è lenta*. *Il modem*, *il segnale* da *il Wi-Fi* maza ne, don haka *è lento*. Idan ka yi kuskure za a gane ka, kada ka tsaya wasi-wasi a kan wannan alhali ana jiranka a waya.

Ka kuma faɗi lokacin da abin ke faruwa. *Solo la sera*, da yamma kaɗai, yawanci yana nuna cunkoson masu amfani da layi. *Solo in camera da letto*, a ɗakin kwana kaɗai, yana nuna laifin bango ne. Tsofaffin gidajen tsakiyar gari a birane irin su Napoli, Genova da Palermo bangonsu na dutse ne mai kauri, Wi-Fi ba ya ratsa shi da sauƙi.

Jiya na sa kuɗi a waya, yau babu data. Ina matsalar?

Da farko, Italiyawa ba sa cewa data a irin wannan maganar, *giga* suke cewa, kuma ana furta shi "jiga". *Ho finito i giga*, datata ta ƙare. *Quanti giga mi restano?* Nawa ya rage min?

Tsarin nan ya ɗan bambanta da na gida. Kana da *offerta*, wato kunshin wata, wadda ke sabunta kanta a wata rana, *il rinnovo*. Ranar nan dole kuɗin da ke cikin layin, *il credito*, ya kai farashin kunshin. Idan ya gaza ko da 'yan sulalla ne, kunshin ba zai sabuntu ba, sai ka ga saƙo ɗauke da *credito insufficiente*. Mafi yawan waɗanda suka kawo min waya suna cewa layinsu ya lalace, wannan ne kawai. Tambayar da za ka yi ita ce *Quando si rinnova la mia offerta?* Sa kuɗi kuma *ricarica* ne. A shagon taba mai alamar T babba a ƙofa, ka ce *Vorrei una ricarica da dieci euro*, ka faɗi sunan kamfanin, ka rubuta lambar a takarda ka miƙa idan ƙirga bai zauna maka ba tukuna.

Akwai wasu kalmomi 'yan gida ɗaya da ke shiga juna. *Caricare* yana nufin yi wa waya caji, yana kuma nufin ɗora abu a intanet. *Scaricare* sauke abu ne daga intanet, amma *il telefono è scarico* na nufin caji ya ƙare. Saboda haka idan ka shiga shago ka ce *non carica* kawai, mai shagon zai iya ɗauko maka caja. Ka ce *la pagina non si carica* ko *la batteria non si carica*, magana ta fita.

Idan sabon layi ne, ana kira yana shiga amma intanet bai taɓa yi ba, ka duba *Impostazioni*, wato saituna, ka ga ko *dati mobili*, datar waya, a kunne yake kuma *modalità aereo*, yanayin jirgi, a kashe. In duk lafiya, ka koma inda ka saya ka ce *Mi può configurare l'APN?*, wato a saita maka APN, saitin da ke haɗa layin da intanet. Aikin minti biyu ne.

Ina faɗin kalmar daidai amma ba sa gane ni. Me ya sa?

Bahaushe yana da sa'a a Italiyanci fiye da yadda yake zato. Ana karanta shi kusan yadda aka rubuta, muna da "r" mai kaɗawa, kuma muna da baƙi mai nauyi. Yadda muke bambanta baba da babba, kule da kulle, haka suke bambanta *rosa* da *rossa*. Ta farko launin hoda ce, ta biyu ja. Mai jin Turanci yana shan wahala a nan, mu kuwa kunnenmu ya saba.

Inda muke tuntuɓe wuri biyu ne. Na farko "p" da "f", waɗanda a Hausa ba mu raba su. Kalmomin wannan fanni kuwa cike suke da "p": *presa* soket, *spina* kan filogi, *spia* 'yar fitilar modem, *spento* a kashe. Ka haɗe leɓɓanka gam sannan ka sake su. Na biyu "v" da "b". *Cavo*, igiyar waya, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Sauran dokar karatu ce. Harafin "c" kafin "e" ko "i" daidai yake da namu na "ci" da "ce", shi ya sa *cellulare* ake karanta shi yadda Bahaushe zai karanta. A sauran wurare "k" ne, haka ma "ch": *chiamare* "kiyamare". Harafin "g" kafin "e" ko "i" ya zama "j". "Gn" kuma kamar "ny", *segnale* "senyale".

Wace lamba zan kira, kuma yaya zan wuce na'urar da ke amsawa?

TIM 187 don layin gida, 119 don wayar hannu. Vodafone 190. WindTre 159. Iliad 177. Fastweb 192193.

Na'ura ce za ta fara ɗauka. Ka kasa kunne ga *prema* ko *digiti*, duka suna nufin danna: *prema uno*, danna ɗaya. Kalmomin da kake nema su ne *assistenza tecnica*, sashen gyara, da *guasto* ("gwasto"), wato lalacewa. Idan irin na'urar da ke cewa ka faɗi buƙatarka ce, ka ce *operatore*, ka maimaita har ta haɗa ka da mutum. *Resti in linea* ko *attenda in linea* na nufin ka jira, kada ka kashe.

Da mutum ya ɗauka, ka gaishe shi *buongiorno* ko *buonasera*, sannan *Vorrei segnalare un guasto*, ina son in kai rahoton lalacewa. Ka yi amfani da *Lei*, ba *tu* ba. Kamar yadda muke ce wa babba "ku", haka *Lei* yake, kuma shi ake yi da duk wanda ba ka saba da shi ba. Saboda haka *scusi* za ka ce, ba *scusa* ba, *può* ba *puoi* ba.

Jimlar da na fi so kowa ya riƙe ita ce: *Sto imparando l'italiano, può parlare più lentamente, per favore?* Ina koyon Italiyanci ne, don Allah ko za a rage sauri? Babu abin kunya a cikinta. Na ga yadda murya ke sauyawa a ɗaya ɓangaren idan aka faɗe ta. Idan abu ya wuce ka, *Può ripetere?* Kada ka ce *sì* a kan abin da ba ka gane ba don kawai a wuce wurin. *Non ho capito*, ban gane ba, ta fi maka alheri sau goma.

Me za su tambaye ni?

Za su fara da *Lei è l'intestatario?* Wato da sunanka aka yi layin? Wannan tambayar tana da nauyi, domin idan da sunan wani ɗan'uwa aka buɗe layin, akwai abubuwan da ba za su yi maka ba sai shi. Daga nan *codice fiscale*, lambar nan mai haruffa da alƙaluma 16 da hukumar haraji, Agenzia delle Entrate, ke bayarwa, wadda ko layin waya ba ka saya sai da ita. Wani lokaci su nemi *codice cliente*, lambarka a wajen kamfanin, yana saman takardar biyan kuɗi, *la bolletta*. Ka ajiye su a gabanka kafin ka kira.

Sunayenmu baƙi ne a kunnensu, dole ka jero haruffa. Italiyawa da sunayen garuruwa suke yi: *A come Ancona, B come Bologna, C come Como, D come Domodossola, E come Empoli, F come Firenze, G come Genova, I come Imola, L come Livorno, M come Milano, N come Napoli, O come Otranto, P come Palermo, R come Roma, S come Savona, T come Torino, U come Udine, V come Venezia, Z come Zara.* Harafin H sunansa *acca*, ana cewa *acca come hotel*. Haruffansu na asali 21 ne, babu J, K, W, X da Y, waɗanda kuma, ban da X, sun cika sunayen Hausawa. J ita ce *i lunga*, K *kappa*, W *doppia vu*, Y *ipsilon*. Mai suna Yakubu zai ce: ipsilon, Ancona, kappa, Udine, Bologna, Udine. Ka rubuta naka sunan haka a takarda, ka karanta shi sau da yawa har ya zauna. Zai yi maka amfani a asibiti da banki ma.

Ya ce in duba modem. Me yake nufi?

Fitilun yake so ka faɗa masa. *Di che colore è la spia?* Wane launi ce? *Verde* kore, *rossa* ja, *arancione* ruwan lemo. Sannan yanayinta: *fissa* tana tsaye, *lampeggia* ("lampejja") tana ƙyaftawa, *è spenta* a mace take. Idan layinka na zaren gilas ne har cikin gida kuma ka ga fitilar da aka rubuta LOS ta yi ja, haske ba ya isowa ta zaren. Ka faɗa masa nan take, don wannan ba abin da kashewa da kunnawa ke gyarawa ba ne. Siririyar igiyar nan kuma kada a lanƙwasa ta ko a danne ta da kujera.

Umarnin da zai ba ka da sigar girmamawa za su zo: *spenga* kashe, *riaccenda* sake kunnawa, *stacchi la spina* zare filogi, *aspetti trenta secondi* jira daƙiƙa talatin, *controlli il cavo* duba igiya, *tenga premuto* danna ka riƙe. Idan ka gama, ka ce *fatto*.

Ka bambanta *riavviare* da *resettare*. Na farko kashewa da kunnawa ne kawai. Na biyu shi ne soka tsinke a ɗan ramin da ke baya, yana goge duk saitin da aka yi, har sunan Wi-Fi da kalmar sirri su koma na ranar farko. Kada ka yi shi sai an ce ka yi.

Tun da farko ma za ka iya tambaya: *C'è un guasto in zona?* Ko akwai lalacewa a unguwa? Idan amsar e ce, ka huta da rarrafe a bayan kabad.

Ni mace ce, ina kwana a gidan tsohuwar da nake kula da ita. Yaya zan nemi kalmar sirrin Wi-Fi cikin ladabi?

Ki ce *Scusi, posso usare il Wi-Fi?* Idan an amince, *Qual è la password?* Suna furta shi "waifai", wasu "wifi", duka ana ganewa. Sau da yawa tsohuwar ba ta san kalmar ba, 'ya'yanta ne suka sa layin. Ki duba takardar da ke manne a ƙasan modem ko bayansa.

Idan karanto miki ake yi, ga abin da za ki ji: *maiuscola* babban baƙi, *minuscola* ƙarami, *tutto attaccato* duka a haɗe, *punto* ɗigo, *trattino* karan ɗori, *trattino basso* karan da ke ƙasa, *asterisco* tauraro, *cancelletto* alamar # wadda suke gani kamar 'yar ƙofar shinge. Alamar @ kuwa *chiocciola* ce, dodon koɗi, saboda naɗewarta. *Password errata* na nufin an yi kuskure wajen shigarwa. Idan waya ta nuna ta haɗu amma *senza internet*, kalmar sirrin daidai ce, layin gidan ne ke da matsala.

Mai neman ɗakin haya shi ma ya tambaya tun kafin ya biya: *Il Wi-Fi è compreso nell'affitto?* Yana cikin kuɗin haya?

Sun ce za su turo mai gyara. Me ya kamata in shirya?

*Il tecnico* zai zo bisa *appuntamento*, kuma yawanci tsakanin awa kaza da kaza za a ba ka, *fascia oraria*. Agogon awa 24 suke bi, *alle quindici* ƙarfe uku na rana ne. Ka tambaya *L'intervento è a pagamento?* don ka san ko za a caje ka, musamman idan aka gano laifin daga cikin gidanka yake.

Abin da ya fi sa mutanenmu rasa mai gyara shi ne *citofono*, allon ƙararrawa na ƙofar gini. Da yawanmu sunan da ke jiki na mai gida ne ko na wanda ya tashi. Mai gyara ya zo, ya duba bai ga sunanka ba, ya juya, ka koma ƙarshen layi. Ka faɗa tun a waya: *Sul citofono c'è scritto...* sai sunan da ke jiki. Ka ƙara *scala* matakala ta nawa, *piano* hawa na nawa, *interno* lambar ƙofa. *Piano terra* shi ne ƙasa, *primo piano* bene na farko. Sannan *Mi chiami prima di arrivare*, a kira ni kafin a iso. Idan lalacewar ta faɗo a makon Ferragosto, 15 ga Agusta, lokacin da rabin ƙasar ke hutu, ka sa ran jira zai fi na kullum.

An sayar min da "fibra" amma saurin bai kai abin da aka ce ba. Yaudara ce?

Ba lallai ba, amma kalmar, wadda ke nufin zaren gilas, tana rufe abubuwa daban-daban. FTTH zaren gilas ne har cikin ɗakinka, shi ne saurinsa ke kaiwa gigabit ɗaya a daƙiƙa ko fiye. FTTC zaren yana tsayawa a akwatin bakin titi, *l'armadio*, daga nan tsohuwar wayar jan ƙarfe ta ƙarasa, kuma iya nisanka da akwatin iya raguwar saurin. FWA ta iska yake zuwa daga eriya. Tun 2018 hukumar sadarwa, AGCOM, ta wajabta alamar launi a tallace-tallace: kore mai F ga zaren gilas zalla, rawaya mai FR ga gauraye, ja mai R ga jan ƙarfe. Tambayarka kafin sa hannu ita ce *È fibra fino a casa o misto rame?*, wato zaren gilas ne har gida ko gauraye da jan ƙarfe?

Ka kuma kula da *fino a* a jikin talla. "Har zuwa" yake nufi, ba alkawari ba ne. Abin da kamfani ya ɗaure kansa da shi shi ne *velocità minima garantita*, mafi ƙarancin saurin da ke cikin yarjejeniya. AGCOM tana da shirin awo mai suna Misura Internet, wanda sakamakonsa ke zama hujja idan za ka kai ƙara. Ana yin awon da kwamfuta haɗe da modem ta igiya, don awon Wi-Fi daga ƙuryar ɗaki ba ya nuna ainihin ƙarfin layin.

Kwanaki sun wuce ba a gyara ba. Sai yaya?

Duk kiran da ka yi, kada ka ajiye waya sai ka ce *Mi dà il numero della segnalazione?*, wato a ba ka lambar rahoton. Ka rubuta lambar da kwanan wata. Na taɓa yin kwana tara ba layi a gida, na kira wani kamfani sau huɗu ban karɓi lamba ko sau ɗaya ba, da na zo neman haƙƙina aka ce babu alamar na taɓa kira. Abin ya yi min ciwo, kuma tun ranar ban sake barin kowa ya kira a gabana bai nemi lambar nan ba. Ka kuma tambaya *Entro quando?* Zuwa yaushe?

Idan shiru ta yi yawa, sai *reclamo scritto*, ƙorafi a rubuce, ta PEC, wato imel mai rajista, ko ta *raccomandata con ricevuta di ritorno*, wasiƙa mai rajista da shaidar karɓa, a gidan waya. Ba ya buƙatar dogon Italiyanci: *Dal 3 marzo la mia linea non funziona. Ho segnalato il guasto il 4 marzo, segnalazione numero... Chiedo la riparazione e l'indennizzo.* *Indennizzo* diyya ce, *rimborso* mayar da kuɗin da aka cire ba bisa ƙa'ida ba.

In hakan bai yi ba, kowace jiha tana da Corecom, ofishin sasanta masu layi da kamfanoni. Ana shigar da ƙara ta dandalin ConciliaWeb da SPID, wato shaidar shiga shafukan gwamnati a intanet, ko katin shaida na lantarki, kyauta ne, ba sai da lauya ba. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su Federconsumatori da Adiconsum suna taimakawa wajen cike takardun. Baƙo mai layi da sunansa yana da wannan haƙƙin daidai da ɗan ƙasa, kuma yana damuna yadda mutanenmu ke haƙura su ci gaba da biyan kuɗin layin da ba ya aiki.

Idan ka yanke shawarar barin kamfanin, kalmar ita ce *disdetta*. Mai komawa wani kamfani da layin gida zai buƙaci *codice di migrazione*, yana jikin *bolletta*. Ka tambayi *costi di disattivazione* da *rate residue*, wato kuɗin rufewa da ragowar bashin modem, kafin ka motsa.

Ana yawan kirana ana cewa za a rage min kuɗi. In amsa?

*Non mi interessa, grazie*, ka kashe. Wanda ya kira ka ya ce kamfaninka zai ƙara kuɗi, ka koma wani yanzu-yanzu, kada ka ba shi *codice fiscale*, lambar asusun banki ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Ka kira kamfaninka da kanka ka tabbatar. Idan ka riga ka amsa, yarjejeniyar da aka ƙulla ta waya ko ta intanet tana da kwana 14 na janyewa, *diritto di ripensamento*. Akwai kuma Registro pubblico delle opposizioni, wanda tun 2022 ya haɗa da lambobin wayar hannu, inda kake sa lambarka kyauta don a rage kiran talla.

Layina zai yi aiki idan na fita Italiya?

A ƙasashen Tarayyar Turai, e, tun Yunin 2017, sai dai gigan da aka yarda ka yi amfani da su a waje suna da iyaka. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar, saboda haka mazauna wajen Como da Varese su kula, waya tana iya kama eriyar tsallake. Idan za ka je gida Kano, Yamai ko Kumasi, ka kashe *roaming dati* tun kafin jirgi ya sauka.

Na iya Faransanci. Zai taimaka?

Sosai. 'Yan Nijar da Kamaru da Chadi suna saurin kama *connessione*, *linea*, *rete* da *fattura*, don 'yan uwan kalmomin da suka sani ne. Sai dai akwai masu kama da juna da ke yaudara. *Fermare* tsayarwa ne, rufewa *chiudere* ce. *Camera* ɗaki ne, ba abin ɗaukar hoto ba.

A ina zan koyi fiye da wannan?

A kowane lardi akwai CPIA, makarantar gwamnati ta manya, inda ake koyar da baƙi Italiyanci da kuɗin rajista kaɗan, wasu azuzuwan da yamma bayan an tashi aiki. Takardar matakin A2 ita ake nema don izinin zama na dogon lokaci, B1 kuma don neman zama ɗan ƙasa tun 2018, saboda haka zaman ajin ba asara ba ne ta kowace fuska.

Kafin ka samu gurbi, ka mayar da harshen wayarka Italiyanci yau ɗin nan. Ka riga ka san inda komai yake, hannunka zai kai ka, idonka kuma zai riƙa ganin *rete*, *connesso*, *disconnesso*, *aggiornamento* sau hamsin a rana. Ranar da za ka kira kamfani, ka rubuta jimlolinka uku a takarda, ka ajiye *codice fiscale* da *bolletta* kusa, ka sa wayar a *vivavoce* yadda murya za ta fito fili. Idan akwai ɗan'uwan da ya fi ka jin harshen, ya zauna kusa da kai ya saurara, ya sa baki in ka maƙale, amma wayar ta kasance a hannunka.